Yadda Ake Zaɓar Ɗaki, Tsara Abinci da Haɗa Kayan Sauka a Jirgin Ruwan Alfarma Mai Zuwa Antaktika

Jiragen ruwan alfarma da ke kai masu yawon buɗe ido Antaktika galibinsu daga Ushuaia suke tashi, wani gari a ƙuryar kudancin Ajantina, tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da yankin yake cikin bazararsa. Tafiyar da aka fi yi takan ɗauki kwana 10 zuwa 12: kwana biyu ana ƙetare mashigin Drake, wato tekun da ke tsakanin Kudancin Amurka da Antaktika, huɗu ko biyar ana zagaya tsibirai da gaɓar Antaktika, kwana biyu kuma ana komowa, ga kuma ranar hawa da ta sauka. In an haɗa da tsibiran Falklan da Jojiya ta Kudu, sai ta kai kusan mako uku. Kuɗin mutum ɗaya yakan fara daga dala dubu goma sha wani abu, ya yi ta hawa gwargwadon girman ɗaki.

Hotunan talla baranda suke nunawa, da gado mai laushi, da faranti an yi masa ado. Duk akwai su kuwa. Amma abin da kuɗin nan yake saya a zahiri shi ne sa'o'in da za ka yi a waje, cikin kwale-kwalen roba ko tsaye a kan duwatsu, tsuntsayen fengwin na kai da kawowa a gabanka. Ɗaki da abinci da tufafi aikinsu ɗaya ne: su kai ka bakin ƙofar fita da safe ka yi barci ya ishe ka, cikinka lafiya, jikinka a bushe.

Mataki na farko: tambayi yawan fasinjoji kafin ka kalli hoton ɗaki

Ƙungiyar kamfanonin da ke kai mutane Antaktika, wato IAATO, wadda aka kafa a 1991, tana da ƙa'idojin da suke yanke maka rabin shawara. Ba a saukar da fiye da mutum 100 a wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Kowane mutum 20 sai da jagora aƙalla ɗaya. Jirgin da ya ɗauko fiye da fasinja 500 kuwa ba ya saukar da kowa, sai dai kallo daga nesa.

Lissafin a fili yake. Jiragen National Geographic Endurance da Greg Mortimer ba sa kai fasinja 150, don haka kusan kowa yana fita a tare, ko a raba gida biyu: rabi a ƙasa, rabi suna zagaya ƙanƙara a kwale-kwale, sannan a yi musaya. Ultramarine na kamfanin Quark yana ɗaukar 199. Viking Octantis yana ɗaukar 378, ke nan rukuni-rukuni za a bi, kowa ya jira layinsa. Babban jirgi ya fi yawan wuraren cin abinci, ya fi natsuwa a kan igiyar ruwa. Ƙarami ya fi ba ka lokaci a waje. A ganina wanda ya taso tun daga Afirka ta Yamma don ya taka Antaktika, ƙaramin ya fi masa. Tambayar da za ka aika wa dillalin tafiya a rubuce ita ce: sau nawa fasinja ɗaya yake fita a yini, kuma minti nawa yake samu a ƙasa?

Mataki na biyu: ɗaki

Ka nemi taswirar benayen jirgin, ka buɗe ta a babban allo, ba a waya ba. Jirgi yana motsi iri biyu a mashigin Drake: goshinsa ya ɗaga ya faɗi, sannan ya yi tangaɗi dama da hagu. Inda motsin ya fi sauƙi shi ne tsakiyar jirgi, a benen da ke kusa da ruwa. Abin dariyar shi ne ɗakunan da suka fi tsada a can sama suke, wasu ma a goshi, inda ake shan jijjiga fiye da ko'ina. Sababbin jirage suna da fukafukai a ƙarƙashin ruwa masu rage tangaɗi, wasu kuma, irin su Greg Mortimer da aka fara aiki da shi a 2019, suna da goshi mai lanƙwasa baya, ƙirar kamfanin Ulstein na Norway, wanda ke ratsa igiya maimakon ya hau ya doku. Duk suna ragewa ne, ba sa kawarwa.

Benen da ya fi kowane ƙasa shi ma da nasa. Idan teku ta tashi, ma'aikata sukan rufe ƙananan tagogin da murfin ƙarfe, ka zauna ba hasken waje. A ƙarshen Nuwamba 2022 wata babbar igiya ta fasa tagogin wasu ɗakuna na ƙasa a jirgin Viking Polaris yana hanyar komawa Ushuaia, mace ɗaya ta rasu. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, amma ya isa ya sa in ce benen tsakiya, tsakiyar jirgi, shi ne zaɓin da ya fi kwanciyar hankali.

Sai ka duba maƙwabta. Me ke saman ɗakin, me ke ƙarƙashinsa? Ɗakin da ke ƙarƙashin kicin ko wurin motsa jiki, tun asuba ake jan kujeru da buga ƙarafa a kansa. Na goshi yana jin sarƙar anga da gogar ƙanƙara a jikin jirgi. Na can baya yana jin inji. Kusanci da ɗakin shiri, inda ake ajiye takalma da rigunan ceto, riba ce babba, domin sau huɗu a yini za ka bi hanyar nan da kaya masu nauyi a jiki.

Maganar baranda fa? Tana da daɗi, ba musu. Ka leƙa da sassafe ka ga dutsen ƙanƙara yana wucewa, ko ka sha iska in zuciya ta fara tashi. Amma a Drake sau da yawa ana hana fita, a Antaktika kuma in an yi shelar an ga kifin wel, kowa saman jirgi yake gudu, don baranda gefe ɗaya kawai take nuna maka. Idan kuɗin baranda zai iya ƙara maka kwanaki a tafiyar, ɗauki kwanakin. Jiragen Viking na wannan layi sun bi wata hanya: babbar taga ce da rabinta na sama ke sauka, ka jingina ka yi kallo daga cikin ɗumi.

Abin da mutane ba sa tambaya, alhali ya fi baranda amfani, shi ne wurin busar da kaya. Wasu jirage, kamar Seabourn Venture da Viking Octantis, suna da kabad mai ɗumi a cikin ɗaki don busar da riga da safar hannu. Wasu daɓen banɗakinsu ne mai zafi, sai ka shimfiɗa safa a kai. In babu ko ɗaya, tafi da 'yar igiya da maƙalai. Ka kuma faɗa tun wuri ko gado ɗaya babba kuke so ko biyu a rabe. Mai tafiya shi kaɗai yakan biya ƙari mai yawa. Wasu kamfanoni suna haɗa ka da wani, namiji da namiji, mace da mace, a kan kuɗin mutum ɗaya.

Banɗaki: wurin wanka na tsaye mai ƙarfen riƙewa ya fi baho amfani a teku. Masai na jirgi da zuƙar iska yake aiki, bututunsa siriri ne, ba a jefa komai ciki sai takardar da suka ajiye. Ka sa ƙaramar butar roba a akwatinka, ba lallai ka tarar da abin tsarki da ruwa ba.

Akwai abin da ba ya shiga ɗaki ko kusa: dutsen guga, hita, kyandir, kaskon turare, turaren wuta na tsinke. Babu abin da matuƙa ke tsoro kamar gobara, kuma na'urar jin hayaƙi tana saman kanka. Turaren fesawa ko na shafawa ya wadatar. Soket ɗin jirgi galibi na Turai ne ko na Amurka, ba mai baki uku irin na Najeriya ba, don haka tafi da adafta biyu. A Disamba da Janairu dare ba ya yin duhu sosai, ka tabbatar labulen mai kauri ne, ka riƙe abin rufe ido.

Da ka shiga ɗaki ranar farko, kafin jirgi ya fita daga mashigin Beagle mai kwanciyar ruwa, kwashe duk abin da zai iya faɗuwa ka zuba a aljihun tebur: kwalbar turare, kyamara, tabarau, kwamfuta. Ka gaya wa mai kula da ɗakin ya kwashe giyar da ke cikin ƙaramin firiji ya cika shi da ruwa da lemo. A jiragen Silversea kowane ɗaki yana da hadimi na musamman, aikinsa ke nan. Za a kira kowa atisayen ceto, dole ne. In jirgi na tangaɗi kada ka yi tafiya hannuwanka biyu cike da kaya, kuma kada ka dafa bakin ƙofa, ƙofofin ƙarfe ne masu nauyi, suna datse yatsa.

Alƙibla daga Ushuaia har gaɓar Antaktika ta wannan ɓangare kusan gabas take sak. Matsalar dai jirgi yana juyawa, kuma kamfas ɗin waya yakan rikice cikin ƙarfe. Talabijin ɗin ɗaki yawanci yana da tashar da ke nuna inda jirgi ya dosa, daga nan sai ka gane gabas. Lokutan salla kuwa, musamman isha'i da asuba a wurin da shafaƙi ba ya ɓacewa, tambaya ce ta kai wa malaminka kafin ka tashi, tare da hukuncin ƙasaru da haɗa salloli. Ka rubuta amsar ka tafi da ita.

Mataki na uku: abinci, wanda aikinsa ke farawa wata uku kafin tafiya

Jirgi yana loda kayan abinci ne kafin ya bar tashar, daga nan babu kasuwa sai an dawo. Wannan ne dalilin da ya sa buƙatar naman halal ba a teburi ake faɗarta ba. Da zarar ka biya kuɗin ajiye wuri, rubuta wa kamfanin, wata biyu zuwa uku kafin tafiya, ka nemi amsa a rubuce. Ajantina tana fitar da naman shanu na halal zuwa ƙasashen waje, don haka samunsa ba abin mamaki ba ne, amma sai an yi oda. Kada ka gamsu da amsar cewa an lura da buƙatarka. Tambayi takamaimai: wane nama za a lodo, kaza ko sa ko rago, yana da shaida, kuma a kasko dabam za a soya shi? In amsar ta zo da kwana-kwana, ka ɗauka kifi da ƙwai da kayan lambu za ka ci, kuma wallahi ba za ka ji yunwa ba. A wannan yanki akwai kifin da suke kira merluza negra, fari mai maiƙo, da babbar ƙaguwar nan ta Ushuaia da ake kira centolla.

Daren farko, nemi shugaban masu hidimar teburi ka gabatar da kanka. A jirage da yawa zai riƙa kawo maka jerin abincin gobe tun yau, ka zaɓa, kuku ya gyara. Naman alade a fili ba shi ne abin damuwa ba, ana ganinsa a teburin karin kumallo. Wanda ke ɓoye shi ne matsala: giya a cikin miyar nama da ta kifi, musamman a girkin Faransa irin na jiragen Ponant da na Italiya, ɗan naman alade da ake yankawa cikin miyar wake ko dankali don ƙamshi, barasa a kek da kayan zaƙi, gelatin, wanda ake yi daga fata ko ƙashin dabba, a cikin abin da ke daskarewa. Har a waje ma: wani lokaci ana raba koko mai zafi a cikin kwale-kwale an ɗiga masa barasa, kuma wanda ya yi ƙarfin halin faɗawa ruwan ƙanƙara ana tarbarsa da ɗan kofi na giya. Ka ce a ba ka wanda ba a sa komai ba, suna da shi.

Kuɗin giya yana cikin kuɗin tafiya a mafi yawan jiragen alfarma, kuma ba a rage wa wanda ba ya sha. Abin da za ka iya shi ne ka more ɓangarenka: ruwan 'ya'yan itace da aka matse, shayi iri-iri, haɗe-haɗen da ba barasa.

Kada ka ce za ka cika akwati da kilishi da dambun nama da daddawa da goro. Hukumar SENASA a Ajantina da SAG a Chile suna binciken kayan nama da tsirrai a filin jirgi, ta Chile ma har tara take ci in ba ka bayyana ba. Yaji da aka niƙa, a rufe cikin kwalbar kamfani, shi ne abin da ya fi cancanta a gwada, shi ma ka rubuta shi a takardar shiga. In an karɓe, kicin ɗin jirgi ba ya rasa barkono. Ma'aikata da yawa 'yan Filifin ne da Indonesiya da Indiya, ka tambaya a hankali ko akwai miyar barkonon da su suke ci.

Kwana biyun Drake nasu tsarin dabam. Ga likitanka tun a gida kan maganin jirin teku, ko ƙwaya irin su meclizine da cinnarizine, ko ɗan filastan scopolamine da ake mannawa bayan kunne. Kowane yana da illarsa, kamar barci da bushewar baki, kuma ba kowa ya dace da shi ba. Ana fara shi ne kafin a shiga babbar teku, in amai ya riga ya fara ƙwaya ba ta zama. Kada ka bar ciki wayam, kada kuma ka cika shi da maiƙo. Biskit maras zaƙi, burodi gasasshe, tuffa, romo, shayin citta. In ka kasa tashi, a kawo maka ɗaki. Likitan jirgi yana da allura ga wanda abin ya yi wa tsanani.

Da an isa, yini yakan tafi haka: shelar tashi da safe, karin kumallo, fita ta farko, abincin rana yayin da jirgi ke matsawa wani wuri, fita ta biyu, taron bayanin gobe, sai abincin dare. Ci karin kumallo sosai, sanyi yana cin ƙarfi, amma rage shayi da kofi, saboda babu banɗaki a ƙasa. Wanda ya matsu sai a mayar da shi jirgi, fitarsa ta ƙare. Ƙananan ɗakunan cin abinci na musamman da sai an kama wuri, kama su a ranakun da ake tsakiyar teku in cikinka na ɗauka, ko daren ƙarshe. Abincin dare mai zuwa kashi-kashi yakan ci awa biyu, kuma ranar da jirgi zai ratsa mashigin Lemaire, wani siririn mashigi mai kyan gani tsakanin duwatsu, da yamma, asara ce a same ka zaune kana jiran kayan zaƙi. Ka ci na ɗebi-da-kanka ka fita. Ganye da 'ya'yan itace sun fi kyau a makon farko, ka ci rabonka tun suna sabo.

Sutura a teburi ba ta da tsanani a irin waɗannan jirage. Kaftani mai tsabta da hula, ko doguwar riga da mayafi, sun wadatar har a liyafar kyaftin. Takalmi dai ya zama maras tsini mai ƙasan roba.

Azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, na 2026 a Fabrairu ya kama, ke nan shekaru masu zuwa zai riƙa faɗawa tsakiyar lokacin wannan tafiya, inda yini ke da tsawo ƙwarai. Duba kalanda kafin ka biya. Wanda ya zaɓi ya yi azumin duk da rangwamen matafiyi, ya tambaya ko ana kai abinci ɗaki dare da rana.

Mataki na huɗu: kayan sauka

Abu biyu jirgi yake bayarwa: babbar rigar sanyi mai hula wadda ruwa ba ya ratsawa, galibi kyauta ce ka tafi da ita gida, da takalmin roba mai dogon wuya, shi kuma aro ne. Za a aiko maka da takardar awo. Zaɓi rigar da za ta hau kan riguna biyu ko uku, takalmin kuma ya ɗara ƙafarka da lamba ɗaya saboda safa mai kauri. Ranar farko akwai damar canzawa, ka gwada su da safar da za ka sa, ka taka bene ka gani.

Sauran naka ne, kuma mafi muhimmanci shi ne wandon da ruwa ba ya ratsawa. Ba a barin mutum ya shiga kwale-kwale babu shi. Sanyin gaɓar Antaktika a bazara bai kai yadda ake zato ba, yakan tsaya kusa da sifiri, ɗan sama ko ɗan ƙasa. Iska da feshin ruwa su ne masu wahalarwa, sai kuma gumi. Shi ya sa ake sa kaya hawa-hawa: 'yar ciki mai kama jiki, riga da wando, ta ulun merino ko ta zaren roba, a kanta rigar sanyi mai laushi irin wadda ake kira filis, sannan babbar riga. Auduga ba ta da wuri a jikin fata, tana shan gumi ta riƙe, da ka tsaya sai ta yi sanyi ƙarara. Singileti da wandon jins a bar su don cikin jirgi.

Safar ƙafa ta ulu, aƙalla ƙafa huɗu, da siririya a ciki. Safar hannu kashi biyu: siririya da za ka iya danna kyamara da ita, da babba maras shan ruwa a kai, kuma ka riƙe ta canji domin ɗaya za ta jiƙe. Hular ulu mai rufe kunne. Abin wuya mai zagaye wanda ake zurawa ta kai ya fi dogon gyale, wanda iska ke fizga. Ga mata, ƙaramin hijabi mai kama fuska yana zama daidai a ƙarƙashin hular ulu. Dogon hijabi da abaya ba su dace da kwale-kwale ba, suna jiƙewa suna harɗe ƙafa, babbar rigar da faffaɗan wandon ruwa suna suturta jiki.

Tabarau mai tare hasken rana dole ne, dusar ƙanƙara tana mayar da haske cikin ido har ya yi ciwo. Baƙar fata ma tana ƙonewa a nan, ka shafa man kariya daga rana a hanci da kumatu, da man leɓe. Iskar cikin jirgi busasshiya ce, man kaɗanya yana aiki sosai. Sai jakar goyo maras shan ruwa, igiyar rataya waya a wuya, da batir na canji a aljihun ciki inda jiki ke ɗumama shi, don sanyi yana zuƙe caji.

Filis da 'yar ciki ana samunsu a wurin 'yan gwanjo da araha. Wandon ruwa kuwa ka gwada shi a ƙarƙashin famfo kafin ka yarda da shi. Abin da ya rage, titin San Martín a Ushuaia cike yake da shagunan sayarwa da na haya, sai dai da tsada. Ka isa garin kwana ɗaya ko biyu kafin tashin jirgi, ka kuma sa 'yar ciki da wandon ruwa da magungunanka a jakar hannu. Akwatin da ya maƙale a wani filin jirgi ba shi da hanyar bin ka Antaktika.

Kafin fita ta farko za a kira kowa da kayansa a bincika. Ana zuƙe aljihu da injin zuƙar ƙura, ana tsince maɗaurin Velcro da ɗan tsinke, don kada ƙwayar iri ko ƙasa daga wata nahiya ta shiga. Wanda jakarsa ko safarsa ta taɓa shiga daji a gida ya san yadda ƙarangiya ke maƙalewa. Tsince ta tun kafin ka rufe akwati.

Mataki na biyar: fitar kanta

Shiga banɗaki, yi alwala, sannan ka fara sa kaya. Kammala sawa a ɗakin shiri, in ka rufe komai tun daga ɗakinka za ka yi gumi kafin a kira rukuninku. Ƙafar wandon ruwa a kan takalmi take sauka, ba a cusa ta ciki. In ka cusa, ruwa zai gangara kai tsaye cikin safa. Rigar ceto ce ta ƙarshe, kada a ɗora komai a kanta, mai kumbura ce in ka faɗa ruwa. Za a danna katinka a san ka fita, ka taka cikin ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta, ka nufi ƙofa.

Kwale-kwalen, wanda kowa ke kira Zodiac, yana hawa yana sauka da igiya. Miƙa jakarka, hannuwanka su zama babu komai. Ma'aikaci zai kama tsintsiyar hannunka, kai ma ka kama tasa, ba tafi da tafi ba. Jira ya ce ka taka, ka taka gefen, ka sauka ciki, ka zauna nan take. Ba a miƙewa tsaye sai da izinin direba. Kujerun gaba sun fi shan feshi. A bakin gaɓa babu gada: za ka matsa gaba a zaune, ka juya ƙafafunka waje ta ɓangaren bayan kwale-kwalen kana kallon igiyar da ke zuwa, ka sauka cikin ruwa mai kai ƙwauri.

A ƙasa, tazarar mita 5 tsakaninka da kowace dabba, fiye da haka ga dabbar sil mai gashi, wadda ke cizo. Fengwin suna da hanyoyinsu da suka tattake cikin dusar ƙanƙara, ba a tsayawa a kai. Bi tutocin da jagorori suka kafa. Ba a sauka da abinci, ko alewa. Ba a ɗaukar dutse ko gashin tsuntsu ko ƙashi, ko a wuri irin Whalers Bay na tsibirin Deception inda tarkacen tsohuwar masana'antar man wel ke zube. Jirgi maras matuƙi na ɗaukar hoto an hana fasinjoji tashinsa.

Tun da murar tsuntsaye ta H5N1 ta isa Jojiya ta Kudu a Oktoba 2023, aka kuma tabbatar da ita a gaɓar Antaktika a Fabrairu 2024, ƙa'ida ta ƙara tsauri: ba zama, ba durƙuso, ba kwanciya, ba ajiye jaka a ƙasa. Tafin takalmi da bakin sanda kaɗai ke taɓa ƙasa. Wannan yana nufin babu shimfiɗa darduma a gaɓa, komai sha'awar mutum ya ce ya yi sujada a Antaktika. Tsara sallarka a jirgi, kafin fita ko bayan dawowa. Mai ciwon gwiwa ko baya da ba ya jure dogon tsayi ya ari sanda, ya kuma sani yana iya komawa jirgi da kwale-kwalen farko da ya samu.

In kun dawo, goge takalmi da buroshi har ƙasan ya fita tas. Kashin fengwin ja-ja ne saboda ƙananan jatan landen da suke ci, kuma warinsa yana kama kaya, don haka takalmin a ɗakin shiri yake kwana. Danna katinka. Kyamara mai sanyi in ta shiga ɗumi tana yin raɓa har cikin gilashi. Sa ta a leda mai zif tun a waje, ka bar ta ta ɗauki ɗumin ɗaki kafin ka buɗe. Rataye safar hannu nan da nan, bayan awa uku za ka sake neman ta.

Shirin kowace rana a hannun iska da ƙanƙara yake. Ana iya cewa Neko Harbour za a sauka, a wayi gari a Cuverville, ko a soke fitar gaba ɗaya. Ka bar kayanka a haɗe wuri ɗaya kullum, yadda in an yi shela za ka shirya cikin minti goma.

Abubuwan da suka rage

Wanda ba ya son Drake sam yana iya hawa jirgin sama daga Punta Arenas a Chile zuwa tsibirin King George, tafiyar kusan awa biyu, ya tarar da jirgin ruwa a can. Sai dai nauyin kaya yana da iyaka mai tsauri, hazo kuma yakan jinkirta tashi, wani lokaci da kwanaki. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar Ajantina, da ta Chile in ta can zai bi, a fara nema da wuri. Kamfanoni suna neman inshorar da ta haɗa da kwaso maras lafiya, da takardar bayanin lafiya. Tambayi ko tukuicin ma'aikata da wanki da intanet suna cikin kuɗin. Wanki in yana ciki, rabin kayan da ka yi niyya sun isa.

Daren ƙarshe ana mayar da takalmi da sanda, a ajiye akwati a bakin ƙofa. Ana sauka a Ushuaia da safe, bayan karin kumallo. Babbar rigar da aka ba ka tana cin wuri, ka sa ta a jiki zuwa filin jirgi ko ka bar mata gurbi a akwati. Jirgin sama zuwa Buenos Aires kusan awa uku da rabi ne. Kama na rana ko na yamma, kuma ka bar kwana ɗaya tsakaninsa da babban jirgin da zai dawo da kai gida, saboda guguwa a Drake tana iya jinkirta isowa tashar.